Gonar Baba ba ƙasa ɗaya ba ce

Wasiƙar wannan makon daga wani matashi ta fito, a unguwar Kurna. Na ɗan taƙaita ta.

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a nan cikin Kano, shekaruna 28. Mahaifinmu yana da gona a hanyar Dawakin Tofa, tun muna yara kaura yake shukawa. Bara waccan na sayo wani sabon irin dawa mai saurin nuna, na roƙe shi ya ba ni wuri in gwada. Ya ba ni gindin gona, wajen itacen gawo, shi kuma ya shuka kaurarsa a sama. Da kaka nawa ya ninka nasa, har maƙwabta suna zuwa kallo. Sai na matsa masa, bara muka shuka sabon irin a gonar gaba ɗaya. Babur ɗina na sayar na sayi iri da taki. Malam, abin da muka samu bai kai wanda Baba ya saba samu ba. Bai ce mini uffan ba, amma tun daga nan ya daina yi mini zancen gona. Yayana kuwa da na buɗe baki sai ya ce ga ɗan boko zai fara lacca. Yanzu damina ta ƙarato, wani abokina ya kawo mini wani irin daban. In sake gwadawa, ko in bar wa tsoho gonarsa in kama kaina?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya mayar maka da alherin babur ɗinka, ya sanyaya zuciyar tsoho. Ka sake gwadawa. Amma kada ka yi yadda ka yi bara waccan, domin aikin da ka yi a waccan shekarar, duk da kamar gwaji da ya yi, bai gaya maka komai game da iri ba.

Dubi inda aka ba ka. Gindin gona, inda ruwa yake gangarowa ya kwanta, ya taho da duk takin da ya wanko daga sama. Sannan ga gawo. Duk wanda ya tashi a ƙasar Kano ya san halin gawo: da rani, lokacin da sauran itatuwa suke tsirara, shi yake da ganye, dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna zubar da kashi. Da damina ta faɗi sai ya kaɗe ganyensa ya bar wa shuka rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Shi ya sa manomi yake sare wasu itatuwa ya ƙyale gawo. Wato mahaifinka tsokar gonarsa ya yanka ya miƙa maka, shi ya koma kan jigawa da kaurarsa. Kyautatawar uba ke nan, ka riƙe ta a ranka. Sai dai ita ce ta ɓata gwajin. Abu biyu suka bambanta tsakaninka da shi, iri da ƙasa, da aka yi girbi sai ka ɗauki ladan duka ka ba wa iri. Idan kuma ka zuba takin zamani a naka shi bai zuba ba, sun zama uku. Da kaurar Baba ce ta sami gindin gawon nan, naka ya hau jigawa, wataƙila da tun a shekarar ka watsar da sabon irin.

Kada kuma ka yi saurin tsine wa irin saboda abin da ya faru bara. Ba kaura ko kunya ɗaya a gonar da za ka auna shi da ita. Da abin da Baba ya saba samu a wasu shekaru ka auna, alhali kowace damina da irin ruwanta: wata ta fara da wuri, wata ta yi tsaiko a tsakiya, wata ta ɗauke kafin dawa ta cika ido. Mai yiwuwa ne da kaura aka shuka bara, da ita ma ta ba ku kunya. Shekara biyu ka yi, har yanzu tambayarka tana nan inda take.

Akwai abubuwan da suke taɓa amfanin gona alhali ba su ka zo tambaya ba. Ni 'yan shiga sharo ba shanu nake ce musu. Gangare, gawo, shuri, tsohon juji, inda Fulani suka yi zango da shanu da rani, inda wuta-wuta ta yi gida, bakin hanya inda awaki suke ɗan tsinka in sun wuce. A gonakin kewayen Kano akwai ƙarin guda. An daɗe ana kwasar shara da takin gida daga cikin birni ana kai wa gonaki, da can a kan jakuna, yanzu har da motoci, kuma wurin da aka saba jibge tsibin ba ya zama daidai da sauran gona ko an baza shi. Ba ka da ikon kawar da waɗannan. Abin da kake da iko a kai shi ne ka sa su taɓa kowane iri daidai da ɗan'uwansa.

Kai malami ne, ka san wannan a aji. Idan kana so ka san wace hanyar koyar da karatu ta fi, ba za ka kai ɗaya aji shida ɗaya aji biyu ba, sannan ka ce ta aji shida ta ci. A cikin kowane aji za ka raba yara, kowace hanya ta sami rabonta, ka auna ɗan aji biyu da ɗan aji biyu.

Wannan dabarar tana da tarihi. A Ingila akwai wata tashar binciken noma mai suna Rothamsted, wadda aka kafa a 1843. A 1919 suka ɗauki wani masanin lissafi, Ronald Fisher, ya duba musu tarin bayanan girbi na shekaru da dama. Ciwon da ya tarar shi ne irin naka: fili ba ya zama ɗaya daga wannan gefe zuwa wancan, don haka bambancin da aka gani tsakanin taki da taki yana cakuɗe da bambancin ƙasa. A wani rubutu da ya yi a 1926, da littafin da ya fitar a 1935, ya shimfiɗa maganin: a kasa fili rukuni-rukuni, kowane rukuni ƙasarsa ta yi kama da juna, a sa duk abubuwan da ake gwadawa a cikin kowane rukuni, ƙuri'a ta zaɓa wa kowanne wurin zamansa, a kuma maimaita. Malaman aikin gona a jami'a kalmar Turanci suka ara, suna ce wa rukunin bulok, ba bulon gini ba. Idan ka taɓa wucewa ta gonakin binciken Samaru a Zariya, inda aka fara wannan aiki tun 1922, ko gonar cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, IITA, da ke Minjibir, ka ga ƙananan fegi a jere da alluna a bakinsu, yawanci wannan tsarin ne kake kallo.

Ga yadda zai kasance a gonarku. Iri uku ne a gabanka: kaurar Baba, irin bara, da wanda abokinka ya kawo. Kaura dole ta shiga, ita ce ma'auni, in babu ita ba ka san da me kake aunawa ba. Ku ware rukuni huɗu. A ce ɗaya a gindin gona, ɗaya a tsakiya, ɗaya a kan jigawa, ɗaya a gefen da wuta-wuta take damu. Ba dole su haɗa iyaka ba. Sharaɗin kawai shi ne a cikin rukuni guda ƙasar ta zama iri ɗaya gwargwadon iko, tsakanin rukuni da rukuni kuwa ta bambanta yadda ta ga dama, ba ruwanka, hakan ma ya fi. Tunda gonar gangare ce, kowane rukuni ya kwanta a kwance kamar matakala, fegi ukun da ke cikinsa suna kafaɗa da kafaɗa, kada ɗaya ya kasance sama da ɗan'uwansa. Gawon kuma kada ya faɗa cikin fegi ɗaya shi kaɗai. Ko dai duk ukun su raba albarkarsa daidai, ko a bar gindinsa a wajen gwajin.

Kowane fegi kunya 10, tsawon mita 20. Idan tazarar kunya santimita 75 ce, fegi 12 ɗin gaba ɗaya ba su kai kashi ɗaya cikin biyar na hekta ba. Sauran gonar ta Baba ce, ya shuka kaurarsa yadda ya saba.

Bari in ƙirƙiro lissafi, misali ne kawai don ka ga amfanin wahalar, da iri biyu don sauƙi. A ce a gindin gona kaura ta ba da kilo 20, sabon iri 23. A tsakiya 15 da 17. A jigawa 9 da 12. A gefen wuta-wuta 6 da 8. Dubi kaura ita kaɗai: daga 20 zuwa 6, tazarar kilo 14, kuma iri ɗaya ne, ƙasa ce kawai ta canza. Tazarar da ke tsakanin irin biyu kuwa ba ta wuce kilo 2 zuwa 3 ba. To wanda ya shuka sabon iri a gindin gona, kaura a jigawa, 23 da 9 zai gani, ya ce ya sami abin da ya ninka har da ɗoriya, ya je ya sayar da babur. Wanda ya juya su zai ga kaura 20, sabo 12, ya rantse da Allah sabon iri yaudara ce. Dukansu ƙasa suka auna. Kai da ka kasa rukuni, a cikin kowane rukuni za ka cire wannan daga wancan: 3, 2, 3, 2. Albarkar gawo ta faɗa wa duka biyun, da ka yi ragi sai ta fita daga lissafi. Sharrin wuta-wuta ma haka. Abin da ya rage shi ne na iri, kilo biyu da rabi a kowane fegi, wato kaura 50 sabo 60 in an tara. Ƙari ne na gaske, amma ƙarin da za a ƙara iri sannu a hankali saboda shi ne, bai kai na sayar da abin hawa ba.

Me ya sa huɗu, ba ɗaya ba? Domin ko a rukuni guda akwai sa'a. Gara ta ci wannan, ɓera ya tone wancan. Idan iri biyu ba wanda ya fi wani, cin nasara a rukuni guda kamar jefa kwabo ne. Sabon iri ya ci a duka huɗun da sa'a kawai, sau ɗaya ne cikin 16. In rukuni shida ne ya ci duka, sau ɗaya cikin 64. Idan kuwa ya ci biyu ya faɗi biyu, kada ka tattara lissafi ka matse shi don ya faɗi abin da kake so. Ka duba ko a ƙasa mai danshi yake ci, a jigawa yana faɗi, wannan ma amsa ce, kuma mai amfani.

Sai ƙuri'a, wadda mutane suka fi raina wa. Bayan an ware rukuni, wane iri zai zauna a dama, wane a tsakiya, wane a hagu? Kada kai ka zaɓa, kada Baba ya zaɓa. Rubuta sunayen ukun a takardu, ka nannaɗe, ka zuba a hula, ka kira ƙaramin yaro ya ciro. Kowane rukuni da sabuwar ƙuri'arsa. Rukuni yana maganin 'yan shiga sharon da kuka sani, ƙuri'a tana raba waɗanda ba ku sani ba, tana kuma maganin zuciya. Mutum ba sai ya yi niyyar maguɗi ba kafin hannunsa ya karkata. A 1930 an yi wani babban gwaji a Lanarkshire ta ƙasar Sikotilan, da yara 'yan makaranta 20,000, rabi ana ba su madara rabi ba a ba su, don a ga tasirinta a tsawo da nauyi. An bar wa shugabannin makarantu damar gyara jerin idan suka ga bai daidaita ba. Da aka duba daga baya sai aka tarar waɗanda ba a ba madara ba sun fi tsawo da nauyi tun daga farko, alamar tausayi ya sa an tura yara marasa galihu ɓangaren madara. Wani masanin lissafi, William Gosset, ya yi sharhi a 1931 cewa da tagwaye masu kama ɗaya aka samo, kamar guda 50 bibbiyu, a ba Hassan ɗanyar madara, a ba Husaini wadda aka dafa, ta hanyar ƙuri'a, da an sami amsa mafi inganci a kan wadda ta fi a cikinsu da ɗan kuɗi kaɗan. Tagwaye su ne rukuni mafi ƙanƙanta. Tausayin malaman nan kuwa shi ne tausayin da ya sa Baba ya ba ka gindin gawo.

Akwai inda ake ɓata aiki bayan an tsara shi da kyau. Aiki ya riƙa tafiya rukuni-rukuni. Ranar shuka, idan rana ta faɗi ba a gama ba, a tsaya a ƙarshen rukuni, kada a shuka kaura yau sabon iri jibi bayan danshi ya tafi. Noman firi da maimai haka. In ka ɗauki 'yan ƙwadago, mutum ɗaya ya nome fegi ukun rukuni guda, kada ka ba wa mai ƙwazo sabon iri ka bar wa malalaci kaura. Taki kuwa, ko NPK ne ko yuriya ko na gida, ma'auni ɗaya, rana ɗaya, kowa daidai. In kana son sanin wane taki ya fi, wannan tambayar wata shekara ce. Da girbi ka bar kunyar gefe ɗaya-ɗaya, ka auna takwas na tsakiya, domin kaura doguwa ce tana yi wa gajeren iri inuwa a kan iyaka. Kada ka ƙirga dami, domin damin wani ya fi na wani. A shanya, a sussuka, a sheƙe, a ɗora a sikeli, kowane fegi a buhunsa da sunansa. Kuma taswirar gonar ta shiga littafi tun kafin shuka. Wanda ya jira sai shuka ta fito sannan ya ce nan rukuni ne can rukuni ne, ya riga ya ga amsa kafin ya rubuta tambaya.

Idan gonar tana da gangare ta fuska biyu, a ce sama da ƙasa sannan gabas da yamma, akwai tsarin da ake jera fegi tara, uku sau uku, kowane iri ya fito sau ɗaya a kowane layi na tsaye da na kwance. Ba na jin kana bukatarsa bana. Kada kuma ka kwaso iri goma. Rukuni in ya yi faɗi ƙasar cikinsa ta daina zama ɗaya, amfaninsa ya tafi.

Yanzu maganar da ta fi damunka, wato Baba. Duk tsarin nan a kan abu ɗaya ya tsaya: sanin inda ƙasa ta yi kama da inda ta bambanta, tun kafin a shuka. Kai ba ka da wannan sanin. Ni ma da zan zo gonar ba ni da shi. Wanda ya yi shekaru yana bin kunyoyinta shi ya san inda ruwa yake kwana, inda aka taɓa turke shanu, inda dawa take fara yaushi in an yi kwana goma ba ruwa. Ko mai bincike kafin ya kafa turke sai ya tambayi tarihin fili. Saboda haka mahaifinka ne zai ware rukunin, kai naka riƙe igiya da littafi. Ban faɗi wannan don ka lallashe shi ba. In kai ka ware su da kanka, gwajin zai fi rauni.

Ku kuma yarda tun yanzu a kan abin da za a kira nasara. Kai kilon hatsi kake kallo. Tsoho yana kallon kara na danni da abincin dabbobi, yana kallon yadda tuwon yake a baki, da yadda hatsin yake jure zaman rumbu, da kuɗin da za a taya shi a Dawanau. Iri mai saurin nuna yana tsere wa ɗaukewar ruwa, amma yakan nuna shi kaɗai a cikin gonakin da ba su nuna ba, tsuntsaye su yi masa taron dangi. Duk ka rubuta. Ku auna karan ma. Mahaifiyarku ta tuƙa tuwon kowanne, a ci ba tare da an faɗa wa kowa wane ne wane ba. Yayanka kuwa ka damƙa masa sikeli, shi zai auna ya faɗi lamba kai ka rubuta. Idan sabon iri ya ci, da bakinsa za a ji, idan kaura ta ci ka ce alhamdu lillahi a gabansa, an huta da gardama.

Damina ɗaya ba ta yanke hukunci. Ita ma shekara rukuni ce, baɗi a sake, da sabuwar ƙuri'a. In akwai maƙwabta biyu ko uku da za su ba da fegi uku-uku a gonakinsu, kowace gona ta zama rukuni, amsar ta ƙara ƙarfi.

Bana kada ka sayar da komai, kada ka ci bashi. Irin da fegi huɗu za su ci bai kai kwano guda ba. Ranar Juma'a bayan la'asar ka sayi goro, ka je ka durƙusa, ka nemi gafara a kan matsin da ka yi masa bara, ba tare da ka kawo zancen ruwa ko wani uzuri ba. Kada ka ambaci Fisher, kada ka ambaci bulok. Ka ce, "Baba, ina so ka zagaya da ni gonar nan ka nuna mini inda ƙasarta take iri ɗaya." In ya fara bayani kada ka katse shi. Ka tafi da igiya da turaku a buhu, ko da ya ce a je Asabar da sassafe.